Yadda Ake Adana Dankalin Hausa Bayan Tono Ba Tare da Amfaninsa Ya Zube Ba

Mutanenmu na bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, tun daga Mai Wurno da Sinnar har zuwa Singa da Damazin, da waɗanda ke wajen Gadarif da Kasala, gwanaye ne wajen ajiyar hatsi. Ana sussuke dawa, a sheƙe ta, a bar ta ta bushe ƙarau, sannan a zuba a matmura, wato ramin ajiyar hatsi, a toshe bakin ramin, ta daɗe a ciki ba abin da ya same ta. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗauki wannan ilimi na hatsi aka ɗora shi a kan dankalin Hausa, wanda ake kira bambai a kasuwannin nan, domin abin da ke kare dawa shi ne ke hallaka dankali. Dawa busasshiya ce, amma kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin dankali ruwa ne, kuma bayan an tone shi yana nan da ransa, yana shaƙar iska, yana fitar da zafi da gumi, yana kuma ci daga abincin da ya tara a cikinsa. Idan aka toshe masa iska zai ruɓe, idan aka bar shi a busasshiyar iska zai yi yaushi, kuma a kowane hali iyali ne ke asarar abin da ya kamata ya shiga jikinsu.

Kafin a yi maganar rami da yashi, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin karewa, domin abubuwan gina jiki da ke cikin dankali ba hali ɗaya gare su ba. Mafi yawan abin da ke cikinsa bayan ruwa shi ne sitaci, wanda ke ba jiki ƙarfi. A lokacin ajiya wani ɓangare na sitacin yana juyewa ya zama sukari, shi ya sa dankalin da ya yi makonni a ajiye ya fi sabon tono zaƙi. Wannan zaƙin ba alama ce ta ƙaruwar amfani ba, sauyin kama ne kawai, kuma idan wurin ajiya ya yi zafi dankalin yana ƙone sukarin a numfashinsa, ya riƙa raguwa a nauyi da ƙarfi kullum. Bitamin C shi ne mafi saurin gudu, yana raguwa tun daga makonnin farko, kuma rauni a jikin dankali da zafin wuri suna ƙara hanzarta tafiyarsa. Ma'adanai irin su potasiyam, da zaren da ke taimaka wa hanji, su ba sa zuwa ko'ina muddin dankalin bai ruɓe ba; asararsu ta fi faruwa a tukunya.

Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Shi ne ke ba wani irin dankali launin ruwan goro a ciki, kuma gwargwadon ƙarfin launin gwargwadon yawansa. Dankalin da cikinsa fari ne, wanda mutanenmu suka fi sabawa da shi, kusan babu shi a cikinsa. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, yana raunana jikin yaro har cutuka irin su ƙyanda da gudawa su fi yi masa illa. Masana na Cibiyar Dankali ta Duniya, mai hedikwata a Lima ta ƙasar Peru, sun nuna cewa kimanin giram 125 na dafaffen dankali mai launin ruwan goro, wato ɗan madaidaici guda, ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini. Saboda aikin yaɗa wannan iri a Afirka ne aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, kyautar abinci ta duniya a shekarar 2016. Labari mai daɗi shi ne beta-karotin yana da juriya ƙwarai muddin dankalin yana nan sukutum cikin ɓawonsa, yana iya yin watanni ba tare da raguwa mai yawa ba. Abokan gabarsa su ne iska da haske da zafi, kuma ba sa samunsa sai an yanka ko an ƙuje. A ganina duk dabarar ajiyar dankali ta taru a nan: a kiyaye ɓawo. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 hanyoyi suka riƙa yankewa, nama da madara da ƙwai suka fi ƙarfin gidaje da yawa, don haka abin da gona ta bayar na bitamin A bai kamata a bar shi ya salwanta a bayan ɗaki ba.

Aikin da ake yi tun dankali yana ƙasa

Ajiya tana farawa makonni kafin tono. Babban maƙiyin dankali a Afirka ƙwaro ne ɗan siriri mai dogon baki, wanda masana ke kira Cylas. Macen ba ta iya haƙa ƙasa mai zurfi, sai dai ta bi tsagar ƙasa ta isa ga dankalin ta saka ƙwai a jikinsa, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su yi ta huda hanyoyi a ciki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin baƙar ƙasar laka ta Jazira da Gadarif da yankin Sinnar tana dararrashewa da zarar ta bushe, har mutum ya iya zura hannu a tsagar. Manomin da ya dasa a irin wannan ƙasa dole ne ya riƙa jawo ƙasa da fartanya yana rufe tsagogin kunya da duk dankalin da ya leƙo waje, musamman bayan ɗaukewar ruwan sama. Masu noma a jarfi, inda kogi ke barin ƙasa mai laushi bayan ya janye, sun ɗan fi samun sauƙi, amma su ma ƙwaron yana samun su idan suka jinkirta tono. Dankalin da ƙwaro ya riga ya shiga ba ya ajiyuwa ko da wace dabara, kuma idan aka haɗa shi da lafiyayye zai lalata shi.

Dankali yana ƙosawa tsakanin wata uku zuwa biyar gwargwadon iri. Manoma suna gwada ƙosawarsa ta hanyar yanka guda ɗaya su bar shi a iska: idan farin ruwan da ya fito ya bushe fes, ya ƙosa, idan wurin ya yi duhu, da saura. Wanda bai ƙosa ba ɓawonsa sirit ne, yana saluɓewa da ɗan taɓi. Wanda kuma ya wuce lokaci a busasshiyar ƙasa ya zama abincin ƙwaro. Barin dankali a ƙasa ana tono kaɗan kaɗan gwargwadon bukata dabara ce mai kyau ga mai ƙaramar gona, domin kullum sabo ake ci da bitamin C ɗinsa cikakke, amma tana aiki ne kawai muddin ƙasa tana da ɗan danshi kuma ba ta tsage ba.

Idan an yanke shawarar tone gona gaba ɗaya, a yanke yaɗon tun saura kamar mako biyu. Yin haka yana sa ɓawo ya yi kauri ya kama jikin dankalin tun yana ƙasa, sai ƙujewa ta ragu sosai a ranar tono. Ganyen da aka yanke kuma ba abin yarwa ba ne, domin ɗanyen toho yana yin miya mai kyau, sauran kuma dabbobi su ci. Kada a tone daga ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta, domin dankalin da ya shaƙe da ruwa yana saurin ruɓa. Idan kuma laka ta ƙafe ta yi tauri, a ɗan yayyafa ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin tono don kada a karya shi wajen fitarwa.

A yi tono da sassafe ko da la'asar sakaliya. A sa fartanya ko dagi daga gefen kunya, nesa da gindi, a ɗaga ƙasar a hankali, sannan a zaro da hannu. Kada a riƙa jefa shi kan tsibi, kada kuma a bar shi a rana, domin ranar ƙasar nan tana iya ƙona ɓawonsa cikin ɗan lokaci, kuma wurin da ya ƙone nan ruɓa ke farawa bayan kwanaki. A kakkaɓe ƙasa da hannu kawai, ba a wanke dankalin da za a ajiye. Abin da na fi gani yana jawo asara shi ne cusa dankali a manyan buhuna har su cika maƙil, a ɗinke baki, a jefa kan karo, wato keken jaki, ko lori, mutane su hau kai su zauna. Kowace girgiza a hanya tana ƙuje ɓawo, kowace ƙujewa kuma ƙofa ce da ruwa zai fita, funfuna ta shiga. Kwando ko akwati da aka shimfiɗa wa ciyawa ya fi buhu nesa ba kusa ba, idan kuma buhu ya zama dole, a yi rabin cika.

Tun a gona a kasa shi kashi uku. Lafiyayye mai matsakaicin girma, wanda ba huda ba sara, shi ne na ajiya. Wanda fartanya ta sara ko ya karye, a ci shi cikin kwana biyu ko uku, ko a yanka a shanya. Wanda ƙwaro ya huda ko ya fara ruɓa, a fitar da shi daga gonar gaba ɗaya a ƙone ko a binne da zurfi, domin barinsa a kunya renon ƙwaron baɗi ne.

Warkar da ɓawo

Wannan mataki ne da yawancin mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ke raba dankalin da zai yi mako biyu da wanda zai yi watanni. Komai kulawar mai tono, ba a rasa ƙananan raunuka, ko da wurin da aka tsinke shi daga gindi ne. Dankali yana iya warkar da kansa, kamar yadda miki ke yin ɓawo a jikin mutum, idan ya samu ɗumi da laima: yana gina sabuwar fata mai hana ruwa fita a ƙarƙashin raunin. Abin da yake bukata shi ne zafi na digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyos, da iska mai laima sosai, kashi 85 zuwa 90 cikin 100, na tsawon kwana huɗu zuwa bakwai, kuma a fara a ranar da aka tone shi, kafin ƙwayoyin cuta su riga shi.

A ƙasarmu ɗumi ba shi ne matsala ba, domin ko a watannin sanyi rana takan kai wannan ma'auni. Abin da muke rasawa shi ne laima, domin iskar rani busasshiya ce ƙwarai, kuma a irinta rauni yana bushewa ya dare maimakon ya warke. Don haka sai an ƙirƙiro laimar. A samu inuwa mai kauri, ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ko cikin ɗakin da ba na kwano ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a jera dankalin tsibi marar tsayi, kada ya wuce gwiwa, a lulluɓe shi da wata ciyawar mai kauri, sannan a ɗora buhunan algarara da aka jiƙa aka matse. Ciyawar da ke tsakani ita ce ke hana jiƙaƙƙen buhu taɓa dankalin, domin laima a iska ake so, ba ruwa a jiki ba. A riƙa sabunta jiƙon buhunan safe da yamma, a kuma ɗaga gefe na ɗan lokaci kowace rana don iska ta sauya. Leda ba ta dace da wannan aiki ba idan za a rufe ruf, domin gumi zai taru a cikinta ya riƙa ɗiga a kan dankalin. Idan aka zura hannu aka ji tsibin ya yi zafi fiye da jiki, a rage rufin.

Ana gane an gama idan aka murza ɓawo da babban yatsa bai saluɓe ba, raunukan kuma sun bushe sun yi tauri. Kada a zarce da kwanakin da nufin ƙarin kyau, domin ɗumi da laimar da suka warkar da shi su ne kuma za su sa ya fara tsiro. A wannan makon ne sitaci ke fara juyewa sukari, don haka warkakken dankali ya fi daɗi a baki, kuma mai kai shi kasuwa zai ga bai yi saurin yaushi a kan tebur ba.

Wurin ajiya

Bayan warkarwa, dankali yana son sanyi matsakaici, digiri 13 zuwa 15, tare da laima da duhu da ɗan motsin iska. A manyan ɗakunan ajiya na ƙasashen da ke da wutar lantarki tsayayya yana yin wata shida har fiye a wannan yanayi. Mu ba mu da irin waɗannan ɗakuna, amma sanin ma'aunin yana nuna mana iyakoki biyu da za mu kiyaye. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 na kwanaki, dankali yana kamuwa da cutar sanyi: cikinsa ya yi duhu, tsakiyarsa ta yi tauri ta ƙi nuna ko an daɗe ana dafawa, ɗanɗanonsa ya ɓaci, sannan ya ruɓe da wuri. Firiji yana aiki a wajen digiri 4, saboda haka sa ɗanyen dankali a firiji lalata shi ne. Idan kuma zafi ya yi yawa, numfashinsa yana ƙaruwa, tsiro ya fito, ruwa ya fita, cikinsa ya yi fanko. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano yana iya gama da tarin dankali cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya yi tono a farkon sanyi yana da sa'ar watanni masu sauƙi a gabansa, amma wanda dankalinsa ya ƙosa gab da bazara sai ya ƙara himma wajen neman wuri mai sanyi, ko ya rage yawan abin da zai ajiye.

Dabarar da ta fi dacewa da gidajenmu ita ce ajiya cikin yashi. A zaɓi wuri mai tudu a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, a haƙa rami marar zurfi sosai, yadda hannu zai iya kaiwa ƙasansa ba tare da an shiga ba. A zuba yashi mai tsabta a ƙasa, kaurinsa kamar faɗin tafin hannu, a jera dankali a kai yadda ɗaya ba zai taɓa ɗaya ba, a rufe da yashi, a sake jera wani sahu, har a kusa cikawa, sannan a rufe saman da yashi mai kauri. A kafa 'yar rumfa ta kara ko zana a bisa ramin don rana da ruwan sama. Yashin ya zama mai ɗan gautsi irin na bakin kogi, ya bushe sarai, kuma ya huce. Wanda aka kwaso daga rana tsaka yana da zafin da zai dafa ɓawo, don haka a bar shi ya kwana a inuwa tukuna. Amfanin yashi uku ne a haɗe: yana rage fitar ruwa daga dankalin, yana tare zafin rana, yana kuma hana ƙwaro da ɓera kaiwa gare shi, alhali iska tana ratsa shi daidai gwargwado. Kada a shafe bakin ramin da laka yadda ake yi wa matmura. Wanda ba shi da filin haƙa rami zai iya yin haka a babban kwando ko akwatin katako a kusurwar ɗakin ƙasa mafi sanyi. Da wannan dabara warkakken dankali yana iya kai wata uku zuwa huɗu, ko da yake iri ya bambanta, wani yana jure ajiya, wani kuma da wuri yake sallamawa, kuma manomi ne zai lura da halin irin da ke hannunsa.

Ga ɗan abin da bai wuce na mako biyu ko uku ba, randa biyu ɗaya cikin ɗaya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu tana taimakawa a lokacin zafi. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa a Nijeriya, shi ya yaɗa wannan dabara har ya samu kyautar Rolex, daga baya kuma ta shigo Darfur ta samu karɓuwa. Tana aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu, sai dai a kula kada ruwa ya taru a randar ciki, kuma a rufe bakinta da ƙyalle mai barin iska.

A riƙa buɗe ajiya ana dubawa duk bayan mako biyu ko uku. Idan tsiro ya fara fitowa a karye shi da hannu tun yana ƙarami, domin daga sitacin dankalin yake ci. Tsiron dankalin Hausa ba guba ba ne, ba kamar na dankalin Turawa ba, amma dankalin da ya yi ta tsiro ya rage ƙarfi da daɗi. A fara cin waɗanda suka soma yaushi da manya manya, a bar matsakaita masu tauri su yi nisa.

Maganar ruɓaɓɓe kuwa tana bukatar a tsaya a kanta. Idan ƙwaro ko funfuna suka kama dankali, yana fitar da wasu sinadarai masu ɗaci don kare kansa, kuma waɗannan sinadarai guba ne, suna cutar da hanta da huhu. Ɗacin yana wuce wurin da ido ke gani ya baƙanta, dafuwa kuma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Na san halin da ake ciki na tsadar abinci yana sa uwa ta ga kamar asara ce ta zubar, ta yanke ɓangaren da ya lalace ta dafa sauran, amma duk dankalin da ke da baƙin tabo mai zurfi, ko wari, ko ɗaci a harshe, bai dace da cikin yaro ba. Kada kuma a zuba wa shanu da tumaki, domin an san ruɓaɓɓen dankali yana jawo wa shanu ciwon huhu mai kisa. A cire shi tare da yashin da ke kewaye da shi.

Shanya da niƙa

Yanka dankali a shanya tsohuwar dabara ce, kuma tana da amfani ga wanda ya sare ko ya yi yawa. Amma a nan ne beta-karotin ke fuskantar haɗari mafi girma. Binciken da aka yi a Uganda ya nuna cewa shanyar kanta ba ta cin abu mai yawa idan an yi ta da sauri, asarar ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba, amma da aka ajiye busassun yankakkun na wata huɗu a ɗaki, kusan kashi 70 cikin 100 na sinadarin ya tafi. Dalili shi ne iska tana ratsa busasshen yanki ta ko'ina, tana cinye launin a hankali, shi ya sa za a ga ruwan goron yana koɗewa yana komawa fari. Koɗewar launi ita ce shaidar da ido ke iya gani cewa bitamin A ya tafi, ko da garin bai yi wari ba kuma yana tuƙa tuwo lafiya.

Shawarar da ta fito daga nan a fili take. Mai iri biyu ya shanya wanda cikinsa fari ne, domin sitaci ake nema a wurinsa kuma sitaci yana jure bushewa, ya bar mai ruwan goro sukutum a cikin yashi saboda yara da masu ciki da masu shayarwa. Idan dole ne a shanya mai ruwan goro, a yanka shi sirara don ya bushe cikin kwana biyu ko uku, a baza a kan gado ko tabarma da aka ɗaga daga ƙasa inda iska ke kaɗawa, a kwashe da zarar yana karyewa ƙas. A zuba a mazubin da ba ya nuna haske, a cika shi taf don iska ta rasa wuri, a rufe gam, a ajiye a wuri mafi sanyi, kuma a cinye cikin wata biyu. Kada a niƙa sai wanda za a yi amfani da shi a kwanakin, domin gari ya fi yanki ba iska fuska.

Abin da aka kare a rami ana iya zubar da shi a madafa. Feraye dankali a yayyanka a bar shi cikin ruwa na sa'o'i yana wanke bitamin C da potasiyam. Ya fi kyau a wanke shi a dafa da ɓawonsa, sukutum ko manyan gutsattsari, cikin ruwa kaɗan a tukunya rufaffiya, a sauke da zarar ya nuna. Beta-karotin yana bukatar maiƙo kafin hanji ya tsotse shi, saboda haka a ɗiga man riɗi ko man gyaɗa, ko a haɗa da ƙuli-ƙuli, musamman idan yaro za a ba. Tun da bitamin C ya riga ya ragu a dankalin da ya daɗe, a cike gurbinsa da lemun tsami ko tumatir ko gwaba ko garin 'ya'yan kuka. Masu ciwon sukari su sani cewa gasasshen dankali ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini, kuma wanda ya daɗe a ajiya ya fi zaƙi, don haka su kula da yawan abin da suke ci.

Mazauna gari da ke saye a kasuwar Madani ko Bur Sudan su zaɓi mai tauri da santsin ɓawo, marar huda, su sayi abin da zai ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, domin yawancin na kasuwa ba a warkar da shi ba kuma ya sha wuya a hanya. Da an isa gida a fitar da shi daga leda a zuba a kwando, nesa da murhu da hasken taga. Dafaffe ne kaɗai ke shiga firiji, shi ma na kwana uku ko huɗu.

Yashin nan yana kuma magance matsalar iri, wadda ke hana mutane da yawa dasawa da wuri saboda yaɗo ya bushe da rani. A ware ƙananan dankali lafiyayyu daga gindin da ba shi da cuta, a jera su cikin busasshen yashi a baho ko kwando, a ajiye a ɗaki mai sanyi har rani ya yi nisa, ana dubawa ana cire wanda ya lalace. Idan ya rage mako shida zuwa takwas damina ta sauka, a fitar da su a binne a ɗan fili kusa da gida, a kewaye shi saboda awaki, a riƙa ba su ruwa sau biyu a mako. Kafin ruwan farko ya zauna a watan Yuni ko Yuli sun fitar da yaɗon da za a yanka a kai gona, kuma gindi ɗaya yana ba da yanka fiye da sau ɗaya idan aka ci gaba da ban ruwa.